Ƙafa Ba Takalmi a Cocin Roma

Ana yayyafi a birnin Roma ranar da Firdaoussi ta tsaya a ƙofar Pantheon, tsohon ginin nan mai ƙubba da ya kusa shekara dubu biyu a tsaye, wanda yanzu coci ne. Shekara huɗu tana karatun zanen gine-gine a New York, tana kallon wannan ƙubbar a littafi. Da suka gama, makaranta ta kawo su yawon buɗe ido na kwana goma. Ita kaɗai ce mai lulluɓi a cikin ajin, kuma ita ce kullum a bayan layi.

Da layi ya iso kanta ta ga tsayin ƙofar, ta ji yadda mutane suka sassauta murya, sai jikinta ya yi abin da ya saba. Ta yi bismillah, ta sunkuya ta zare takalmanta, ta shiga da ƙafar dama.

"Malama, nan ba a cirewa."

Da Hausa aka faɗa, Hausar Kano tsantsa. Ta juya a firgice. Wani dogon saurayi ne sanye da baƙar kwat, katin taro na rataye a wuyansa, yana ta kokawa da dariya. Ta dubi ƙafafun mutane, kowa da takalminsa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ya aka yi ka san ina jin Hausa?" ta tambaya, kanta a ƙasa.

"Lallen ƙafarki. Wannan ba na Larabawa ba ne, ba na Indiyawa ba. Wannan na gida ne."

Lallen bikin ƙawarta ne da bai gama fita ba. Ta yi sauri za ta mayar da takalman, ya ce, "Ki bari mana. Tunda kin riga kin cire, ki ji yadda dutsen yake. Mu duk ba za mu taɓa sani ba. Kawo in riƙe miki."

Ba ta san abin da ya sa ta miƙa masa ba. Dutsen na da sanyi da santsi, ƙafafun mutane sun goge shi tun zamanin da ba wanda ya san sunayensu. Ta ɗaga kai. A tsakiyar ƙubbar akwai ƙaton rami zagayayye a buɗe, ba gilashi ba komai, ruwan sama na saukowa ta cikinsa a hankali kamar zaren azurfa. Ta manta da kunya, ta matsa, ta buɗe tafukan hannunta biyu tana tarar ɗigon ruwan.

A lokacin ya ɗauki hoton.

Sunansa Zayyanu. Yana aiki da wata hukumar ƙasa da ƙasa a Manhattan, taron mako guda ya kawo shi Roma, kuma yana zaune da mahaifiyarsa a Flatbush, wata unguwa a Brooklyn ta birnin New York. Ita ta ce masa 'yar Damagaram ce, a unguwar Concourse Village da ke Bronx ta girma.

"Ikon Allah," ya ce. "Jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu, amma sai da muka tsallaka teku."

Kwana uku suka rage, kuma kullum da la'asar sai ya ɓullo inda ajin yake. Malamarsu har ta fara ƙirga shi cikin ɗalibai. Sun zagaya Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa, yana ta mitar cewa duk wannan gini an yi shi ne don a kalli mutane suna kashe juna. Sun hau ƙubbar babban cocin Vatican, matakala fiye da ɗari biyar, ya riƙa tsayawa yana cewa hoto yake ɗauka alhali numfashi yake nema. A wani ƙaramin coci da ke bayan kasuwa, ta durƙusa tana nuna masa daɓen ƙasa, ƙananan duwatsu ja da kore da aka jera suna zagaya juna.

"Dubi nan. Ba ka ga kamar aikin wuyan babbar riga ba? A tsohuwar unguwar Birni a Damagaram akwai bangon da aka yi wa irin wannan zanen."

Ya dube ta maimakon daɓen. "Ashe kina magana haka?"

"In gini ne."

"To ni daga yau gini ne."

Ta rufe fuska da gefen mayafi.

Ranar da ta sauka New York, tana cikin motar babanta saƙonsa ya shigo:

"Mai lalle, kin sauka lafiya? Na koma wajen ramin nan yau. Ba ruwa, ba ke. Gini ne kawai."

Ta karanta sau huɗu. Ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge. Sai da suka iso gida ta aika: "Lafiya lau, Bakano. Ka rufe kwat ɗinka, akwai sanyi a nan."

Wata biyar suka yi a haka. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta sami aiki a wani ƙaramin ofishin masu zanen gidaje, amma rabin hankalinta na kan waya. Mahaifiyarta, Inna Zaituna, ta lura tun makon farko, ta yi shiru har ranar da Firdaoussi ta zuba sukari a miyar kuka.

"Bon," Inna ta ce da ɗan Faransancinta na Nijar, "wane ne shi?"

Mahaifinta Malam Abdou yana da shagon jakunkuna da agoguna a layin Canal Street, shekara ashirin da shida ke nan. Mutum ne mai ƙa'ida ɗaya da duk 'yan layin suka san shi da ita: ba ya sayen kaya daga hoto. Ko dillali ya turo masa hotuna ɗari, sai ya je ya taɓa, ya juya, ya shinshina fatar. Haka ya yi wa Zayyanu. Ya sa shi ya zo shago ranar Asabar, ya bar shi tsaye awa biyu cikin hayaniyar masu ciniki, yana kallon yadda yake gaida mutane da ko zai tashi in an kira salla. Da yamma ya ce wa Inna, "Yaron ba laifi. Ya turo manyansa."

Manyan Zayyanu kuwa, tunda mahaifinsa ya rasu, maganarsu na hannun mahaifiyarsa Hajiya Turai. Ita dama ba ta yi murna ba. Tana da wadda take so, Sumaya, 'yar ƙanwarta, wadda ta taso a gabanta. Amma ta ce za ta yi tunani.

Tana cikin tunanin ne hoton ya fita.

Ranar wata Laraba da hantsi Firdaoussi na ofis sai wayarta ta fara rawa ba tsayawa. Ƙawarta ce ta turo mata, da tambaya ɗaya: "Ke ce wannan?"

Ita ce. Ƙafa ba takalmi, hannu biyu a buɗe sama, fuska a ɗage, idanu a lumshe. A bayanta ga kyandirori, ga gicciye na zinariya yana walƙiya. Ɗigon ruwan bai fito ba ko ɗaya. A ƙasan hoton wani ya rubuta: "Ku ga abin da boko ke yi wa 'ya'yanmu. Addu'a a coci."

Ta shiga bayan gida ta kulle ƙofa. Ita kanta da ta kalli hoton, addu'a ta gani.

"Kai kaɗai ke da hoton nan," ta rubuta wa Zayyanu.

Ya kira sau shida ba ta ɗauka ba. Sai saƙo:

"Firdaoussi, wallahi ban tura wa kowa ba. Shi ne a fuskar wayata tun daga Roma. Na bar ta a kan tebur ranar Lahadi, Sumaya ta zo gaida Hajiya, ta ɗauka da tata wayar. Yanzu ta amsa min da bakinta. Ta ce ita tsakani da Allah ta ɗauka abin da ta gani ne. Laifina ne. Ki ɗauki waya, don Allah."

"Sunan babana ne ke yawo, ba naka ba," ta mayar masa. Ta kashe wayar.

Kafin Juma'a hoton ya zagaya duk zaurukan hirar waya na matan Bronx da na Brooklyn, har wata gwaggonta ta kira daga Damagaram tana kuka. Hajiya Turai ta aiko cewa a dakata da maganar zuwan manya. Zayyanu ya yi mata bayani har muryarsa ta dishe.

"Ruwa take tara, Hajiya. Rufin a huje yake."

"A huje? Turawa da kuɗinsu su bar rufi a huje shekara dubu biyu? Zayyanu, ni na haife ka fa."

Ya nuna mata hoton ginin. Ta ture wayar.

"Na ji, a bar ruwa. Takalmin fa? Duk ga mutane nan a bayanta da takalmansu. Ita kaɗai ta cire. Mutum ba ya cire takalmi sai a inda zuciyarsa ta ɗauka wurin ibadarsa ne."

Wannan maganar ce ta fi tafiya, domin ba wanda ya sami amsarta.

Malam Abdou bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya daina cin abinci a falo. A masallaci ya koma sahun baya, yana sallamewa ya fice. Firdaoussi ta riƙa kaiwa da komowa tsakanin ɗakinta da kicin, ta ɗauki kofi ta ajiye, ta buɗe taga ta rufe. Sau uku tana zuwa ƙofar ɗakinsa tana juyawa. Tun tana ƙarama ba ta taɓa fara yi masa magana ba sai ya tambaye ta.

Ranar Talata da safe ta same shi yana ɗaura agogo zai fita. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba."

"Na'am."

"Ban yi addu'a a can ba. Ban bar addinina ba, ko na minti ɗaya."

"Na ji." Bai dube ta ba.

"Baba, ka taɓa shiga irin ginin nan?"

"Me zai kai ni?"

Ta ɗago kai. "Ko jaka ba ka saye daga hoto. Ni ka yanke min hukunci daga hoto."

Hannunsa ya tsaya a kan agogon. Inna da ke kicin ta daina motsa cokali.

"Ina irin ginin mafi kusa?" ya ce.

Suka ɗauki jirgin ƙasa zuwa Manhattan. Ta kai shi wani babban coci na dutse da ke saman titin Amsterdam Avenue. Ya tsaya a gindin matakala yana kallon tsayinsa, hularsa har tana neman faɗuwa.

"Ba abin da zan taɓa a ciki," ya ce. "Ido kawai."

"Ido kawai, Baba."

Ya hau a gaba, tana biye. Ƙofar ta buɗe, sanyi da shiru suka tarye su. Ginshiƙai sun miƙe sama har ido ya gaji, haske ja da shuɗi na saukowa daga tagogi, mutane na tafiya a hankali suna raɗa. Firdaoussi ta ji babanta ya ce bismillah ƙasa-ƙasa. Ta ga ya dafa bango da hannun hagu. Ta ga diddigensa ya fito daga takalmi.

"Alhaji! Alhaji, a'a, bari shi, ba mu cirewa nan."

Mai gadi ne, wani kakkauran mutum da sunansa Kojo a rubuce a ƙirji, yana magana da Hausar Zangon Kumasi. Malam Abdou ya dubi ƙasa. Takalmi ɗaya na hannunsa, ƙafarsa ɗaya a safa a kan dutse.

"Kar ka ji komai," Kojo ya ce yana dariya. "Mutanenku duka haka. Satin jiya wani Basenegale ya jera nasa da na yaransa huɗu nan bakin ƙofa, sai da na bi shi da su."

Malam Abdou bai yi dariya ba tukuna. Ya tsaya yana juya takalmin a hannunsa kamar kayan da aka kawo masa talla. Sannan ya juyo ya dubi 'yarsa, karon farko cikin kwana shida.

"Ban ma san na sunkuya ba," ya ce.

"Ni ma, Baba."

Sai dariyar ta zo masa, ta zo da hawaye, ya riƙa share su da bayan hannu yana cewa, "Astagfirullah, astagfirullah." Ya mayar da takalmin. Bai fita ba. Ya nuna wani ginshiƙi da haɓa. "Wannan, me ke riƙe da shi?" Ta fara yi masa bayani, ya bi ta har ƙarshen ginin hannuwansa a baya.

A jirgin komawa ta kunna waya. Saƙonni goma sha tara. Na ƙarshe ya ce:

"Mai lalle, ba na neman ki yafe min yau. Ina so ki sani na faɗa wa Hajiya ba zan saɓa mata ba, amma kuma ba zan auri wata ba. In shekara goma ne zan jira. Kin ci abinci?"

Ta rubuta: "Ban ci ba. Bakano, ka gaya wa Hajiya Baba na nan zuwa ranar Lahadi."

Inna ta yi ƙoƙarin hana Malam Abdou zuwa. Uban yarinya ba ya taka ƙafa zuwa gidan saurayi, mutane za su ce talla ya kai. Malam Abdou ya ce shi ba miji zai je nema wa 'yarsa ba, sunanta zai je karɓowa.

Suka je su uku. Hajiya Turai ta karɓe su da mutunci, ta kawo shayi da dabino, amma fuskarta a ɗaure. Zayyanu na zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Firdaoussi ta zauna bayan Inna tana murza gefen mayafi.

"Hajiya," Malam Abdou ya fara, "an ce kin ce mutum ba ya cire takalmi sai inda ya ɗauka wurin ibadarsa ne."

"Na faɗa, Malam."

"To na zo in shaida miki, in haka ne, ni ma na bar addini ranar Talata da ƙarfe goma da rabi."

Ta zaro ido. Ya ba ta labari tun daga matakala har mai gadi, bai rage komai ba, har da safarsa da ya ce ashe a yage take. Zayyanu ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Shekarata sittin da ɗaya," Malam Abdou ya ce. "Ban taɓa shiga wuri mai tsayi da shiru irin haka ba sai masallaci. Ƙafata ba ta san wani abu ba. Yarinyar nan mu muka koya wa ƙafarta. In akwai laifi, tarbiyyarmu ce ta bi ta har Roma. Voilà, shi ke nan. Aure kuwa na Allah ne, ban zo roƙo ba."

Hajiya Turai ta dubi bakin ƙofarta, inda takalman baƙin nata ke jere. Sannan ta dubi Firdaoussi.

"Ke, matso nan. Da bakinki nake so in ji. Me kika je yi cocin mutane?"

Firdaoussi ta matso a kan gwiwa. "Kallo, Hajiya. Karatuna ke nan. Ina so in san yadda aka ɗora dutse a kan dutse ya tsaya shekara dubu bai faɗi ba. Wata rana ina so in zana masallaci da zai daɗe haka."

"Masallaci?"

"Namu na Bronx tsohon shagon kayan gini ne. Mata a ƙarƙashin ƙasa muke salla, ba taga ko ɗaya."

Hajiya Turai ta saki wani ɗan sauti. "Namu ma haka. Ga bututun ruwa a saman kai yana ɗiga." Ta daɗe tana kallonta. "Kin iya tuwo?"

"Hajiya!" Zayyanu ya ce.

"Kai, yi min shiru. Kai da ka bar waya a tebur."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin Bronx bayan sallar Juma'a, Malam Abdou a sahun gaba. Washegari da rana aka yi walimar mata a wani zaure da ke kusa da Concourse. Matan Damagaram da na Maraɗi, matan Kano, matan Zango, duk waɗanda hoton ya bi ta wayoyinsu suna nan, an ci ado. Sumaya ma ta zo. Tun kafin ranar ta je har gida ta ba da haƙuri, kuma ita ta riƙa raba abinci.

Ana tsakiyar hidima Hajiya Turai ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Ku saurara. Ku ajiye wayoyin nan, sun isa haka." Aka yi dariya, aka yi tsit. "Yarinyar nan ni na fi kowa zarginta, kuma a gabanku na yi. Don haka a gabanku nake neman gafararta. Firdaoussi, 'yata, ki yafe min."

Firdaoussi ta tashi cikin nauyin leshi ta durƙusa, Hajiya ta ɗago ta ta rungume. Inna Zaituna ta rangaɗa guɗa har sai da muryarta ta karye, sauran mata suka karɓa.

Wayarta ta motsa a cikin jaka. Ta leƙa ta ƙarƙashin mayafi.

"Matata. Ina waje cikin mota, na ji guɗa har nan. Lafiya?"

Ta share ido da yatsa ɗaya don kar kwalli ya ɓaci, ta rubuta: "Lafiya lau, mijina. Ka jira. Hajiya ba ta sake ni ba tukuna."

Hajiya Turai kuwa ta ɗora hannu a kanta, tana addu'a da ƙarfi yadda na bayan zaure ma za su ji: Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya tsare su daga bakin mutane, har da nata. Zaure ya amsa da amin.